Buzurwa: akuya ce, kuma ga inda ake faɗinta

Wata malamar makarantar firamare ta rubuto daga Tawa: "Ina shirya ɗan littafin karatu da Hausa don ƴan aji uku. Na tuna kakarmu, in ta ga yarinya ta kwana biyu ba kitso, sai ta ce mata 'kin zama buzurwa'. Na sa wannan magana a bakin wata tsohuwa cikin labarin, sai abokin aikina ya ce in cire, wai zagin Buzaye ne. Mece ce ainihin ma'anar kalmar? Kuma zan iya siffanta bargo ko darduma mai gashi da ita?"

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Kakarku ba ta zagi kowa ba, Hausarta kuma daidai take. Buzurwa akuya ce mai dogon gashi, wani lokaci a kira tunkiya ma da sunan in gashinta ya yi tsawo irin haka. Da wannan ma'anar tsofaffin ƙamusoshin Hausa suka kawo ta, tun daga na Bargery da aka buga a 1934. Sai dai shi ma abokin aikin naki ba a banza gabansa ya faɗi ba, kunnensa ya jiyo wata kalma ce da ke maƙwabtaka da wannan. Bargo da darduma kuwa, buzurwa ba ta hawa kansu. Akwai ƴar'uwarta da ke wannan aikin, wato buzu-buzu, ita ma da sharaɗi.

A gidan fataucin fata na tashi kafin in shiga koyar da Hausa, don haka ta wajen dabbar zan fara, don wanda bai san akuyar ba ba zai iya ajiye sunanta inda ya dace ba. Akuyar da muka saba da ita gashinta gajere ne, kwance luf a jiki. In ka shafa bayanta hannunka sumul yake wucewa, kana jin ƙashin baya da haƙarƙari. Buzurwa in ka ɗora mata hannu sai yatsunka su nutse. Gashin yakan fi taruwa a gadon baya da ƙirji da cinyoyin baya, ya zubo ta gefen ciki yana reto in tana tafiya. Kaushi gare shi, ba ya nannaɗewa, sai dai in ya sha ƙura da fitsarin garke ya harhaɗe ya yi curi-curi. Wata duk jikinta ne, wata kuma a cinya kawai ya tsaya, ka hango ta daga nesa kamar ta sa wando.

Abin da ya fi muhimmanci a riƙe shi ne, buzurwa haka aka haife ta. Halitta ce, ba ta zuwa ba ta tafiya. Dabbar da tsutsar ciki ta kama, ko ta sha yunwar rani, ko wani ciwo ya daɗe a jikinta, ita ma gashinta yakan canza: ya miƙe tsaye, ya dushe, sheƙin ya tafi. Makiyayi ba ya kiran wannan buzurwa, cewa yake "gashinta ya tashi", kuma da ya faɗi haka magani yake nema. Ɗan jaki sabon haihuwa ma gashi ne jibge a goshinsa da cikinsa, ya girma ya kaɗe. Raƙumi a cikin ɗari yakan tara gashi a tozo da wuya da kafaɗu, bazara na shigowa ya fara zubar da shi faci-faci. Duk waɗannan yanayi ne mai wucewa, babu wanda ya cancanci sunan.

Inda za ki ji amfanin wannan rarrabewa shi ne wajen ciniki. Ranar Lahadi in kasuwar Tawa ta cika, irin wannan musu ba ya ƙarewa a wajen awaki. Mai saye ya kama akuya ya ga gashi ya yi yawa, sai ya ja da baya: "Wagga ba ta da lahiya, duba gashinta." Dillali ya ce: "Haba Alhaji, buzurwa ta, haka Allah ya yi ta. Taɓa ka ji." Sai ya kama hannun Alhajin ya cusa cikin gashin har ya kai ga ƙugu, a matsa a ji ko akwai nama, a buɗe baki a ƙirga haƙora, a janye fatar ido a ga ja take ko ta yi fari fat, don farin cikin ido alamar ƙarancin jini ce, tsutsa kuma ita ce kan gaba wajen jawo shi. Mai saye yana da hujjar ɗari-ɗari, saboda dogon gashi yana rufe rama: akuyar da ido ya ce ta ƙoshi, hannu ya shiga ya tarar da ƙashi. Shi kuma dillali da wannan kalma ɗaya yake kare kuɗin dabbarsa, yana cewa abin da ka gani iri ne, ba cuta ba. Ki lura da "ta" ɗin da ya rufe maganar da ita. A Adaranci, Hausar Adar ta yankin Tawa, kamar sauran Hausar yamma, ita ce ke zama inda littafi zai rubuta "ce", kuma ta nuna miki cewa kalmar tamace ce.

To me ya sa ta yi wuya a bakin mutane, har matasa da yawa a Yamai ba su taɓa jin ta ba? Don dabbar kanta ba ta da yawa a ƙasarmu. Ki zaga kasuwannin dabbobi daga Badagishiri zuwa Abalak da Cintabaraden, tumakin da za ki gani su ne Uda mai gaba baƙi ko ja baya fari, da Balami fari ƙato mai manyan kunnuwa, da Ara-ara na Abzinawa mai dogayen ƙafafu. Awaki kuma ko doguwar akuyar arewa, ko jar akuyar Maraɗi da jinsinta. Dukkansu gajeren gashi gare su. Ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu ba wurin ɗaukar kayan gashi ba ce. Sannan ga ƙarangiya. Wanda ya taɓa bin garke a dajin arewacin Tawa da kaka, lokacin da ta bushe, ya san abin da take yi wa ƙafar wando, balle gashin da ke jan ƙasa. Akuya mai santsin jiki ta ratsa ta fito da ƴan ƙwayoyi kaɗan, ta goga jikinta a itace su zube. Buzurwa ta ratsa ta fito cinyoyinta sun dunƙule, ƙarangiya da kashin yawo sun kama gashin sun ɗaure, in ba a sa almakashi ba har su ci fata su yi gyambo. Kaska da ƙwarƙwata ma can suke samun maɓoya, mai dabba ba ya ganinsu sai sun yi ɓarna. Shi ya sa makiyayi in ya ga ɗan bunsuru ya taso da irin wannan gashi, da wuya ya bar shi ya zama uban garke. Ko ya dandaƙe shi ya zama taure, ko ya kai shi kasuwa. In an yi haka shekara da shekaru, irin ya ragu, sunan ma ya bi shi.

Tunkiyar ulu ta gaske a yammacin Nijar sai bakin kogi, a tsibirai da gaɓar ruwa tsakanin Yamai da iyakar Mali cikin jihar Tillaberi, inda ake kiwon wadda ake kira Kundum. Danginta ita ce tunkiyar Masina ta Mali, wadda da gashinta masaƙan Fulanin can suke saƙa bargon nan mai nauyi da suke kira kasa. Ita ma Kundum tana ta raguwa, don ana ta haɗa ta da manyan raguna masu gajeren gashi waɗanda suka fi kuɗi lokacin Layya. Ba'adaren da ya gan ta karon farko, buzurwa zai ce, kuma ba za a ce ya yi kuskure ba, saboda Hausa ba ta ware wa gashin tunkiya mai laushi suna dabam ba. Duk gashi ne. "Ulu" da muke faɗi yanzu aro ne daga Ingilishi, da zaren saƙar hula da rigar sanyi ya shigo mana.

Bayan makiyaya da dillalai, masu riƙe da kalmar su ne majema da ƴan fata, kuma su ma ba don ƙauna ba. Aikin majemi na farko shi ne raba fata da gashinta. A jiƙa ta, a tsoma cikin ruwan toka har gashin ya saki, a shimfiɗa a kan itace a bi da kartaji a kankare, a sa ta cikin abin da zai sassauta ta, sannan ta kwanta cikin ruwan bagaruwa, a shafa mai, a murza, in ja ake so a rina da karan dafi. Ko a Yamai, in kika gangara majemar Gamkalle a bakin kogi, ƙashin bayan aikin bai canza ba. Fatar buzurwa ruwan toka ba ya ratsa ta da wuri, kartaji yana cushewa da gashi, kuma in an gama sai ka ga idon fatar ya fito manya-manya, don gashi mai kauri rami mai faɗi yake bari. Baduku mai ɗinka takalmi ko zabira fata mai ƙananan ido yake so, mai tauri da laushi tare. Wannan ne ya ɗaukaka jar akuyar Maraɗi da ta Sakkwato: fatarsu ce fatake suka riƙa ƙetara hamada da ita zuwa arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko suna yi wa littattafai bango da ita. Gashin jar akuya kuwa gajere ne ƙwarai, mai sheƙi. A gidanmu in ana ware fatu, ta buzurwa gefe ake jefa ta, kuɗinta ba ya kai na sauran.

Wuri ɗaya take fin kowa daraja, wajen buzu. Buzu fatar rago ce, ko ta akuya, da aka gyara ba a cire gashin ba, don salla ko zama. Bayan Layya ake yawan yinsa. A feɗe ragon da kyau kada wuƙa ta huda, a kankare kitse da ragowar nama, a zuba gishiri ko toka a cikin, a miƙe fatar a kafe gefunanta da ƴan turaku, gashi na ƙasa, a bar ta ta bushe a inuwa, don rana mai zafi tana ƙona ta ta riƙa karyewa. In ana son ta daɗe, a shafa mata dakakkiyar bagaruwa ta ciki kawai, a yi ta murzawa har ta saki. A nan mai yawan gashi ita ce abin nema, don malamin da zai zauna tun bayan Asuba har hantsi yana biya wa almajirai karatu ya san bambancin buzu mai kauri da wanda gashinsa ya ƙare. Daga nan muka sami maganar "malam ya hau buzu", wato ya zauna ya duƙufa ga addu'a ko wani aiki da aka kawo masa. Burgami ma, jakar fatar akuya da ake barinta da gashinta, mai gashi ta fi kyan gani a kafaɗa. Yau kuwa darduma ƴar kanti ta cika masallatai da zauruka, jakar leda ta kori burgami, masu neman fata mai dogon gashi sun ragu, balle su tambaye ta da sunanta.

Yanzu maganar abokin aikinki. Kalmar da ya jiyo ita ce Buzuwa, macen Buzu, jam'i Buzaye, a wajenmu kuma har da Bugaje. A rubuce harafi ɗaya ne tsakaninsu, wannan "r" ɗin. A baki kuwa tazarar ta fi haka. Buzu da Buzuwa jan wasalin farko ake yi, a ce "buu". Buzurwa gajere ne, "bu" a wuce, nauyin ya sauka a kan "zur". Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa wanda ya haɗu da kalmar a takarda, bai taɓa jin ta a bakin tsoho ba, sai ya karanta ta da jan da ya saba, ta koma masa kamar sunan mutane. Akwai masu son ɗinke kalmomi da suke cewa ai duk tushe ɗaya ne, Buzu da buzun salla da buzurwa, har su kawo labarin wai don Buzaye suna tara suma ne. Ban bi su ba. Kama da wane ba wane ba ne. In don kamar sauti ce, buzuzu mai mirgina kashi ma ya shiga layi, ga shi kuwa bayansa sul yake. Abin da kunne da ma'ana suka haɗa shi ne buzurwa da buzu-buzu: dukkansu gajeren wasalin farko, dukkansu dogon gashi.

Duk da haka kada ki yi wasa da damuwarsa. Sunan Buzu kansa yana da nauyi a jihar Tawa. A tsohon amfani ya fi faɗawa kan waɗanda suke ƙarƙashin wasu a cikin al'ummar masu jin Tamajak, bayi da ƴantattu, kafin bakin Hausawa ya shimfiɗa shi a kan kowa da kowa. Maganar bauta kuwa a nan ba tatsuniyar da ba ce: sai a 2003 dokar Nijar ta mai da ita laifin da ake hukunta mutum a kansa. Shi ya sa mutane da yawa suka fi son a ce Abzinawa, kuma a littafin makaranta ni ma shi zan zaɓa. Ajinki ba zai rasa ɗiyan Abzinawa ba. Ki kawo a ranki yaro ɗan shekara 8 ya karanta tsohuwa tana ce wa yarinya "kin zama buzurwa" don kanta ya yamutse, bai san akuyar ba, ga kuma ƴar Abalak zaune kusa da shi. Kafin a tashi tara ya sami sunan tsokana. Manya suna da wasan taubasantaka da ke ɗaukar irin wannan, kamar yadda Zabarmawa da Abzinawa suke yi wa juna, kowa ya san iyakarsa. Yara ba su san iyaka ba, kuma abin da suka gani a littafi gani suke an halatta.

Don haka shawarata, kalmar ta zauna a littafin, amma a kan akuya. In yara sun fara ganinta da ƙafa huɗu, an zana ta, an faɗi sunanta da baki yadda ake faɗinsa, to ko daga baya tsohuwa ta yi wa jikarta ba'a da ita, kowa ya san da me aka kwatanta ta. Haka ma kakarku ta yi amfani da ita: kwatance ne, irin na "ka zama bunsuru" ga yaron da ya ƙi wanka. Tsakanin kaka da jika wannan wasa ne mai daɗi. A bakin baƙo, ko a ce wa babbar mace, raini ne, ko da babu wata ƙabila a kusa.

Ƴar'uwar tata da na ambata ita ce buzu-buzu. Ita ba suna ba ce, tana cikin kalmomin da masu nazarin nahawu suke kira amsa-kama, dangin dara-dara da zara-zara da zaƙo-zaƙo. Yadda ake cewa idanu dara-dara, yatsu zara-zara, farce zaƙo-zaƙo, haka ake cewa gashi buzu-buzu. Karin sautinsu ɗaya ne: rabin farko murya a sama, rabin biyu ta sauko ƙasa, wasalin ƙarshe a ja shi. Bayan abin da take siffantawa take zuwa, ko ta biyo "yi": gemu buzu-buzu, wani kare buzu-buzu da shi, kansa ya yi buzu-buzu. Ba ta da namiji ba ta da mace, ba ta canzawa a jam'i, kuma ba ta damu da ko halitta ce ko yanayi ba. Ɗan jakin nan da raƙumin ɗari da na ce ba buzurwa ba ne, dukkansu buzu-buzu suke. Wannan sauƙin ne ya sa ta rayu a bakin yara da manya, ita kuwa buzurwa ta maƙale a kasuwar awaki.

Amma buzu-buzu ba yabo ba ce. A cikinta akwai tsawo, akwai yawa, akwai kuma rashin gyara, kuma na ukun nan ba ya fita ko an wanke. Ba a ce wa amarya gashinta buzu-buzu. Nata yala-yala ne in dogo ne mai zuba, ko a ce ya kwanta luf-luf. Marubuta matasa suna yawan cakuɗa waɗannan da sauran maƙwabtansu, alhali kowace da gurbinta. Gizo sumar kai ce da aka bari ba aski ba taza har ta cukurkuɗe, shi ya sa ake cewa "ya tara gizo", kuma a kan mutum kawai yake. Gargasa gashin jiki ne, na ƙirji da damtse da ƙwauri, a ce mutum gargasa ne, babu maganar datti ko rashin gyara a ciki. Geza ta wuyan doki ce da zaki da wasu raguna, tana nan a wuri ɗaya, sauran jiki sumul. Tukku ɗan curin gashi ne a tsakar kai. Rago mai geza ba buzurwa ba ne, ko da gezar ta kai gwiwa, kuma wannan kuskuren na sha jin sa a bakin masu sayen ragon Layya a kasuwar Turaku ta Yamai.

Saura bargo da darduma. Buzurwa ba ta zuwa nan ko kaɗan, don sunan mai rai ne. In kika rubuta "bargo buzurwa", mai karatu zai tsaya yana neman akuyar. Buzu-buzu tana iya zuwa, amma ki tambayi kanki wane bargo. Sabon bargo mai gashi da aka ciro daga leda, mai shago ba zai taɓa ce miki buzu-buzu ne ba, sai dai ya ce mai gashi ne, mai laushi, taɓa ki ji. In ya ce buzu-buzu ya kashe kasuwarsa da bakinsa. Bargon da ya sha wanki gashinsa ya mimmiƙe ya harhaɗe, ko dardumar da gefenta ya warware zare ya fito, ko igiyar rama da ta tsufa ta tattashi, ko bakin asawaki da aka tauna ya wuce misali, waɗannan duk sun yi buzu-buzu, kuma babu kalmar da ta fi ta dacewa da su. Manyan dardumomin nan na falo masu dogon zare da ake shigowa da su yanzu, a raha mutum yana iya cewa "wannan tapi naku buzu-buzu", a yi dariya, amma da ɗan zolaya a ciki, mai gida kuma zai ji ta.

Na ga wasu masu fassara suna ɗauko tsohuwar kalma irin wannan su ɗora ta a kan sabon abu, wai don kada ta mutu. Niyyar mai kyau ce, kuma tun da aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025 za a ƙara ganin irin haka, don littattafai za su yawaita kuma kowa yana neman kalmomi. Ni dai a ganina, in aka cire buzurwa daga kan akuya aka manna ta a kan darduma, dillali da majemi da suke amfani da ita har yau ba za su gane ta ba, yaran da aka koya wa kuma za su je kasuwa su yi Hausar da za a yi musu dariya. Gara a koya musu ita yadda masu ita suke faɗinta.

Ga misalin yadda za ta zauna a labarin ƴan aji uku ba tare da kin yi dogon bayani ba: "Inna tana da awaki uku. Biyu jajaye ne, gashinsu kwance. Ta ukun buzurwa ce, gashinta har gwiwa. Kullum in ta dawo daga kiwo sai mun zauna mun cire mata ƙarangiya." Yaro ya karanta wannan ya san dabba ce, ya san siffarta, ya san wahalarta. A darasi na gaba sai buzu-buzu ta shigo a kan wani abu dabam, kare ko tsohuwar igiya, don su ga ita tana yawo, waccan kuwa tana tsaye wuri ɗaya.

Wajen rubutu, ƙaramin baƙi za ki sa mata sai in ita ta buɗe jimla, don babban baƙi yana ƙara kusantar da ita ga sunan mutane. Buzu-buzu da karan ɗori a tsakiya. In kina son namiji, ki ce bunsuru ko rago mai gashi buzu-buzu, in jam'i ne ki ce awaki irin buzurwa, ya fi sauƙi a bakin yara. Ranar da za ki karantar da shafin, ki faɗi kalmar da baki sau biyu ko uku kafin su buɗe littafi, don gajeren "bu" ɗin ya riga shiga kunnensu. Mai zanen hotuna kuma ki zaunar da shi ki gaya masa akuya kike so, mai ƙaho da ɗan gemu, gashi miƙaƙƙe yana zubowa ta cinya da gefen ciki. In kika bar shi da kansa, intanet zai shiga ya kwafo miki tunkiyar Turai mai curin ulu.